Filin Tambayoyinku: Waya ce ke sauya mu, ko tona mu take yi?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: waya, da abin da take yi wa hali da zumunci da suna. Mun zaɓi bakwai, mun rage musu tsawo, mun kuma sakaya sunayen masu su. Yawansu bai ba mu mamaki ba. Ƙididdigar ITU, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sadarwa, ta nuna cewa a 2024 mutum kimanin biliyan 5.5 ne ke hawa intanet, wato kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya. Saƙon tes na farko kuwa a watan Disamba na 1992 aka aika shi, ko shekara arba'in ba a cika ba.

TAMBAYA: Ɗana shekararsa goma sha tara, a gida ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Kwanan nan aka nuna mini abin da yake rubutawa a X: zagi, gatse, cin mutuncin sa'annin ubansa. Wanne ne ɗan nawa na gaskiya? — Wani uba

AMSA: Baba, duka biyun naka ne. Wurin da kowanne yake magana ne ya bambanta.

A gabanka fuska ce linzaminsa. Kafin ya ƙarasa baƙar magana ya ga ka haɗe gira, ya ji muryarka ta sauya, sai harshe ya koma. A kan allo babu wannan birki. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka, John Suler, ya zayyana a 2004 abubuwan da ke kwance wa mutum linzami a intanet, kuma huɗu daga ciki sun shafi ɗanka kai tsaye. Yana iya sakaya sunansa. Ba ya ganin wanda yake zagi, shi ma ba a ganinsa. Yana iya jefa magana ya kashe data ya yi tafiyarsa, ba sai ya tsaya ya ga inda ta sauka ba. Sannan furfura da muƙami ba sa fitowa a rubutu: dattijo ɗan shekara saba'in da yaro ɗan sha biyar girman harafinsu ɗaya. A kan wannan kuma ga lada. Gatsen da ya ji gishiri yana jawo laik da turawa cikin mintuna, magana mai hankali kuwa sau da yawa ko kallo ba ta samu, kuma abin da aka tafa wa mutum a kai shi yake maimaitawa.

Akwai wani abu da shi kansa bai lura da shi ba. Kowane mutum yana da murya fiye da ɗaya: ta gaban iyaye, ta cikin abokai, ta wurin aiki. Sanin ya kamata ke nan, kuma bango ne ke raba waɗannan ɗakuna. Dandalin sada zumunta ya rushe bangon. Masu bincike Alice Marwick da danah boyd sun yi rubutu a kan haka a 2011. Ɗanka yana rubutu yana hango abokansa ashirin suna dariya, alhali masu karantawa sun haɗa da kai, da malaminsa, da wanda zai nemi aiki a wurinsa nan da shekara biyar.

Kada ka ƙwace wayar. Buɗe sabon shafi da wani suna bai kai minti biyar ba, kuma wannan karon babu mai nuna maka. Ka zaɓi rubutu uku mafi muni, ka zauna da shi ku biyu kawai, ka ce ya karanta maka su da bakinsa. Da wuya ya kai na uku muryarsa ba ta sarƙe ba, domin ka dawo masa da fuskar da allo ya ɗauke. Daga nan ku yi yarjejeniya a kan abu biyu: ya kulle shafin ta yadda sai wanda ya amince da shi zai gani, kuma duk martanin da ya rubuta cikin fushi ya bar shi a ma'ajiyar daftari na awa ɗaya kafin ya saki. Kada ka raina wannan ɗan jinkiri. A 2021 kamfanin Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya sa wata 'yar tambaya da ke fitowa kafin a saki martani mai zafi, ko mutum zai so ya sake dubawa. Kamfanin ya ce a gwajinsa kashi 34 cikin ɗari sun gyara maganar ko sun fasa ta gaba ɗaya.

Amma a yi da wuri. Abin da aka fara da wasa a kan allo, in aka shekara biyar ana yinsa kullum, yakan biyo mutum har cikin gida.

TAMBAYA: Ni da ƙawata manhajojinmu iri ɗaya ne, amma abin da TikTok da Facebook ke nuna mata daban, nawa daban, har mun fara saɓani a kan abin da ke faruwa a duniya. Kuma ranar da muka yi hirar wani takalmi, da yamma na ga tallarsa. Sauraronmu ake yi? — Wata ɗaliba

AMSA: Ƙanwarmu, mu fara da na farkon, shi ya fi nauyi.

Duk lokacin da kika buɗe manhaja akwai dubban abubuwa da za a iya nuna miki. Sai wani tsarin lissafi, algoridim, ya ba kowanne maki bisa hasashen ko za ki tsaya a kansa, ya jera miki su daga mafi yawan maki. Makin daga sawunki yake fitowa: daƙiƙa nawa kika yi a kan bidiyo, ko kin kai ƙarshensa, ko kin maimaita, ko kin buɗe tsokaci, ko kin tura wa wani, da kuma abin da masu sawu irin naki suka kalla. Tsarin bai san so da ƙi ba. Bidiyon da ya ba ki haushi har kika kalle shi sau biyu kika rubuta zazzafan tsokaci, a wurinsa cewa kika yi a ƙaro. Takardun cikin gida na Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 alamomin nuna motsin rai, har da ta fushi, ana ba su maki ninki biyar na laik, kafin daga baya kamfanin ya rage nauyin ta fushin.

Abin da aka jera wa mutum yana taɓa shi. A watan Janairu na 2012, tsawon mako guda, Facebook ya sauya abin da mutum 689,003 ke gani: wasu aka rage musu rubuce-rubuce masu daɗi, wasu marasa daɗi. Abin da su ma suka rubuta ya ɗan karkata zuwa inda aka tura su. Tasirin ƙanƙane ne ƙwarai, kuma hayaniyar da ta tashi da aka buga sakamakon a 2014 ta fi yawa ne a kan cewa ba a nemi izininsu ba.

Za ki ji ana cewa maganin shi ne ki bi shafukan waɗanda kike saɓani da su. Ba lallai ba ne. A wani bincike da Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka buga a 2018, an sa wasu Amurkawa masu amfani da Twitter su bi wani shafi mai kawo musu ra'ayin abokan adawarsu na wata guda. 'Yan jam'iyyar Republican da ke cikinsu ƙara kafewa suka yi a kan nasu. Mu dai shawararmu, ke da ƙawarki ku zauna ku yi musayar waya na minti goma, kowacce ta ga duniyar da aka shimfiɗa wa 'yar'uwarta. Gani ya kori ji.

Gyaran jerin naki kuma ba wuya. A X da Instagram da TikTok akwai jeri na daban mai nuna waɗanda kika zaɓi bi kaɗai. Ki mayar da shi wurin zamanki. Abin da ba ki so, ki danne shi da yatsa ko ki taɓa ɗigo ukun da ke gefensa ki zaɓi cewa ba ki sha'awa, kada ki yi masa tsokaci, kada ki tura wa kowa don ya taya ki jin haushi. TikTok tun 2023, Instagram kuma tun ƙarshen 2024, suna da maɓallin da ke share hasashen da aka tara a kanki a fara daga fari, a YouTube kuma ana goge tarihin kallo ko a dakatar da shi. Inda ake faɗuwa shi ne makon farko bayan sharewa: lokacin ne tsarin ke sake koyon ki, in kika koma tsohon kallo cikin 'yan kwanaki tsohon jerin ya dawo.

Batun takalmi kuwa, kamfanonin sun musanta saurare, kuma ba sa ma buƙatar kunne. Mai yiwuwa ƙawarki ta bincika takalmin a wayarta, kuna wuri ɗaya, lambarki tana cikin wayarta, shagunan intanet da yawa kuma suna ɗauke da 'yar lambar bibiya mai kai wa Facebook da Google rahoton abin da aka duba. Ƙari a kan haka, tallace-tallace ɗari da ba su dace da hirarku ba kin manta da su, wannan ɗayan ne ya tsaya miki. In kina so ki gani da idonki, iPhone tun 2020 yana nuna ɗigo ruwan lemo a saman allo duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirufo, Android kuma daga siga ta 12 yana nuna alama koriya. Ki shiga saitin izini ki cire wa duk manhajar da ba ta da hujja damar makirufo da ta sanin inda kike.

TAMBAYA: Ni ne admin na zauren WhatsApp na danginmu, mu kusan ɗari biyu. Kullum sai an turo maganin da ke warkar da komai, ko bidiyon rikici da ba a san inda aka yi shi ba. In na yi magana a ce na raina manya. Yaya zan yi? — Wani admin

AMSA: Malam, ka sani tun farko cewa tseren da kake yi ba a layi ɗaya kuka tashi ba. Masu bincike uku na jami'ar MIT ta Amurka sun bi diddigin labarai kimanin 126,000 da suka yaɗu a Twitter daga 2006 zuwa 2017, suka buga sakamakon a 2018. Labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun turawa da kashi 70 cikin ɗari, kuma kafin gaskiya ta isa ga mutum 1,500 tana cin lokaci kusan ninki shida na ƙarya. Da suka cire shafukan da na'ura ke tafiyarwa, sakamakon bai sauya ba. Mutane ne ke yi, domin ƙarya takan zo da sabon abu mai ɗaga hankali, gaskiya kuwa sau da yawa abin da aka saba ne.

A WhatsApp abin ya ƙara wani nauyi. Saƙo yana zuwa da sunan kawunka ko gwaggonka, sai amanar da kake da ita a kansu ta lulluɓe saƙon, alhali su ma tura musu aka yi. Kuma tun 2016 saƙonnin a kulle suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin ba ya karanta su balle ya tace. A Indiya, tsakanin 2017 da 2018, jita-jitar masu satar yara ta bi WhatsApp ƙauye-ƙauye, aka kashe mutane da dama da ba su ji ba ba su gani ba. Ɗaya daga bidiyoyin da suka tayar da hankali, bidiyon faɗakarwa ne da aka shirya a Pakistan, aka yanke ƙarshensa inda ake bayyana cewa wasa ne. Bayan nan ne kamfanin ya sa alamar saƙon da aka turo, ya ƙayyade turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a Indiya a 2018, a duniya duka a Janairun 2019. A Afrilun 2020 ya ƙara matsewa: saƙon da ya bi hannu biyar ko fiye, mai alamar kibiya biyu, wuri ɗaya kaɗai za a iya tura shi a lokaci guda. Kamfanin ya ce yaɗuwar irin waɗannan saƙonni ta ragu da kashi 70 cikin ɗari. Ka lura, ba su karanta saƙon kowa ba, hanyar kawai suka sa wa tudu. Aikinka ke nan kai ma.

Ka rubuta ƙa'ida a bayanin zauren lokacin da babu rigima, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ka roƙi wanda ya fi kowa girma ya sanar da ita da muryarsa. Ƙa'idar ta hau kan saƙo, kada ta ambaci mutum: duk abin da ya zo da kibiya biyu, sai an san wa ya faɗa, yaushe, a ina. Ka naɗa admin na biyu daga cikin manya, wanda in ya yi magana ba za a ce raini ba ne.

Tantancewa ba ta cin minti uku in ka saba. Hoto, ka sa shi a Google Lens ko TinEye, manhajojin da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, ka nemi ranar da ya fara fitowa. Sau da yawa za ka tarar tsoho ne, daga wata ƙasa. Bidiyo, ka tsayar da shi a wuri uku ka ɗauki hoton allo ka yi musu haka, sannan ka dubi lambar mota, rubutun allunan hanya, kakin 'yan sanda, da harshen da ake ji a baya. Rubutu, ka kwafi jimla ɗaya ka bincika ta kamar yadda take.

Inda admin da yawa ke ɓata rawarsu shi ne wajen gyara. In ka ƙaryata dattijo a gaban mutum ɗari biyu, ya daina kare labarin, mutuncinsa yake karewa, kuma ba zai janye ba. Ka bi shi ta bayan fage da abin da ka gano, ka roƙe shi ya goge da kansa. WhatsApp yana ba da kusan kwana biyu a goge wa kowa. Tun 2022 admin ma yana iya goge saƙon wani, sai dai zauren zai ga cewa kai ka goge, don haka ka ajiye wannan sanda don abu biyu: saƙon da ke cewa a daina shan maganin likita, da wanda ke nuna wani mutum ko wata al'umma da yatsa. Waɗannan ba a jira. In gari ya ɗau zafi, ka kulle zauren na awa ashirin da huɗu, admin kaɗai ke rubutu, ka kuma faɗi lokacin buɗewa.

Wani abu a gefe: masanin nan na Ingila Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa mutum yana iya riƙe alaƙa ta sosai da kimanin mutum 150 ne, na jiki-jiki kuwa kusan biyar. Zauren mutum ɗari biyu ya wuce hira, taro ne. Ka raba shi biyu, ɗaya na sanarwa, ɗaya na hira ga mai so.

TAMBAYA: Aminiyata ta yi fushi don ta ga alamar na karanta saƙonta ban amsa ba sai da daddare. Ni ce da laifi? — Wata ma'aikaciya

AMSA: Malama, laifin na wata 'yar alama ce da WhatsApp ya ƙirƙiro a Nuwamban 2014. Alama ɗaya toka-toka tana nufin saƙo ya fita, biyu ya isa wayarki, biyu shuɗaye an buɗe shi. Iyakar abin da suka sani ke nan. Ba su san kina tsakiyar aiki ba, ko kina neman kalmar da ta dace. A zamanin wasiƙa mai aikawa yana da uzuri saba'in da zai ba ki, hanya ce, ɗan aike ne. Yanzu na'ura ta share uzurin duka ta bar shiru, shi kuma shiru kowa yana fassara shi da abin da yake tsoro.

Kina iya kashe alamar a sashen sirri na saiti, amma ki san ke ma za ki daina ganin ta wasu, kuma ba ta kashuwa a zaure. Ki ɓoye lokacin da kika hau na ƙarshe. Mafi sauƙi, layi ɗaya: na gani, zan amsa da dare. In kuma magana ta kai saƙo uku ana ƙara nisa, ki kira ta. Zumunci a ƙafa yake, to in ƙafa ba ta samu ba, murya ta fi yatsa.

TAMBAYA: An yi wa yayana kutse a WhatsApp ana roƙon kuɗi da sunansa, har da saƙon murya mai kama da tasa. Ta yaya aka yi, kuma ta yaya za mu dawo da shi? — Wani ƙane

AMSA: Ɗan'uwa, galibi ba fasa komai ake yi ba, mai gida ne ke miƙa makulli. Ɓarawo ya sa lambar yayanka a wayarsa, WhatsApp ya aika lamba shida ta tabbatarwa zuwa layin yayanka, sai ɓarawon ya kira ko ya rubuto, sau da yawa daga shafin wani aboki da aka riga aka ƙwace, ya ce ya yi kuskuren tura masa wata lamba, ko lambar shiga wani taro ce. Da an karanta masa shida ɗin nan an gama. Wata hanyar kuma, wani ya riƙi wayar na minti ɗaya ya haɗa ta da kwamfutarsa.

Yayanka ya sake shiga da lambarsa, ya nemi sabuwar lamba shida ta tes, ya sa. Da ya sa, an fitar da ɓarawon. In aka nemi lambar sirri ta mataki na biyu wadda bai sani ba, ɓarawon ne ya kafa ta, sai an jira kwana bakwai. Amma ko a cikin jiran ɓarawon yana waje. Da ya shiga, ya buɗe sashen na'urorin da aka haɗa ya fitar da duk wadda bai gane ba, ya kafa tasa lambar sirri ta mataki na biyu tare da adireshin imel. In layin ne gaba ɗaya ya ɗauke, kira ba ya shiga, to mai yiwuwa an sauya katin SIM ɗin ne, kamfanin layin zai fara zuwa, sannan banki. Kafin duk wannan, a sanar da dangi ta kira da tes, domin kowace awa ana damfarar wani.

Muryar kuwa, ƙirƙirarriyar basira ta kai inda 'yan daƙiƙu na maganar mutum suka isa a kwaikwaye shi. Masu bincike na Microsoft sun nuna a 2023 wani tsari da daƙiƙa uku ke isarsa. Duk saƙon muryar da yayanka ya taɓa turawa zaure abin aiki ne. Fuska ma ba ta tsira ba: a farkon 2024 'yan sandan Hong Kong sun ba da labarin wani ma'aikacin kamfani da ya tura kimanin dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da shugabanninsa, ashe duk fuskokin jabu ne. Saboda haka murya da hoto sun daina zama shaida. Duk roƙon kuɗi na gaggawa, a katse, a kira mutumin a layin da aka san shi da shi. Ku kuma ajiye wata kalma ta gida, wadda aka faɗa baki da baki ba a taɓa rubuta ta a waya ba.

TAMBAYA: 'Yata shekararta goma sha ɗaya, ta dame ni duk ƙawayenta suna da shafi. Shekara nawa ya dace? — Wata uwa

AMSA: Hajiya, sha ukun da manhajoji ke rubutawa ba daga likita ta fito ba. Daga wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana tara bayanan yaro ƙasa da sha uku ba da izinin iyaye ba, kamfanoni suka mayar da ita ƙofar shiga. Ostireliya ta yi doka a Nuwamban 2024 ta ɗaga shekarun zuwa sha shida. Masana kansu ba bakinsu ɗaya ba: binciken Amy Orben da Andrew Przybylski na 2019 ya gano cewa amfani da na'ura bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar matasa ba. Amma wannan matsakaici ne na dubban yara, kuma matsakaici ba ya ganin yarinya ɗaya da aka sa a gaba da ba'a.

A sha ɗaya, amsarmu a'a ce ga shafin da kowa ke gani, e ce ga kira da saƙo da mutanen da kika sani. Kada ki yarda a ƙara mata shekaru wajen rajista, domin ƙaryar tana cire kariyar da aka tanadar wa yara. Ki kafa tsarin sa idon iyaye a wayar, Family Link in Android ce, Screen Time in iPhone ce, ta yadda sabuwar manhaja ba ta sauka sai da yardarki. Waya ta kwana a ɗakinki, domin barci ne abin da ya fara tafiya. Ki kuma yi mata alkawari tun yanzu, ki cika: in wani abu ya tsorata ta ta faɗa miki, ba za ki ƙwace wayar ba. Tsoron ƙwacewa ne ke rufe bakin yara, masu farautarsu kuma sun san haka.

TAMBAYA: Shekaru goma da suka wuce na wallafa hotuna da maganganu da yanzu nake jin kunyarsu. Na sauya, amma duk wanda ya bincika sunana su yake gani. Ana iya share su? — Wani mai neman aiki

AMSA: Malam, magana zarar bunu ce tun kafin intanet, sai dai da mantuwa tana taimakon mutum: shaidu su tsufa, labari ya dusashe, a san ka da abin da ka zama. Yanzu kai na shekara ashirin da kai na shekara talatin kuna shafi ɗaya, kuma na'urar bincike ba ta damu da wanda ya girma ba. Ana iya ragewa sosai. Sharewa ƙaf kuwa, duk wanda ya yi maka alkawarinta don kuɗi, ka riƙe kuɗinka.

Ka fara da sanin girman aikin. Ka buɗe shafin bincike na sirri, ba tare da ka shiga asusunka ba, ka nemi cikakken sunanka, tsoffin laƙabobinka, lambar wayarka da imel ɗinka, ka rubuta abin da ya fito a shafuka uku na farko. Sannan ka raba su uku.

Na farko, abin da ke shafinka. A Facebook akwai maɓalli a sashen sirri da ke mayar da duk tsoffin rubuce-rubucen da kowa ke gani zuwa na abokai kaɗai a danna ɗaya, akwai kuma kundin ayyuka inda ake tacewa da shekara a goge da yawa lokaci guda. Abin da ka jefa kwandon shara yana kwana talatin kafin ya tafi. Ka sauke kwafin bayananka tukuna. Kada ka manta da tsokacin da ka yi a shafukan wasu da hotunan da aka liƙa sunanka a kai, nan ne aka fi mantawa.

Na biyu, abin da ke hannun wasu. Ka roƙe su a keɓe, cikin lalama. Barazana tana jawo ido: a 2003 mawaƙiyar Amurka Barbra Streisand ta kai ƙara don a cire hoton gidanta daga wani shafi, kafin ƙarar sau shida aka sauke hoton, biyu daga ciki lauyoyinta ne, a watan da ya biyo baya kuma mutum sama da 420,000 suka ziyarci shafin. In hoton tsiraici ne aka saki ba da yarda ba, wannan babi ne daban, akwai shafuka biyu na musamman: StopNCII ga manya, Take It Down ga hoton da aka ɗauka mutum yana ƙasa da sha takwas. Dukansu suna ciro wa hoton wani zanen yatsa na lissafi a cikin wayarka, hoton ba ya barin hannunka, dandalin da ke cikin tsarin su toshe shi.

Na uku, na'urar bincike. A Tarayyar Turai, tun hukuncin kotunta na Mayun 2014 a ƙarar wani ɗan Sifaniya da tsohuwar sanarwar bashinsa ta 1998 ke bin sunansa, mutum yana da haƙƙin neman a cire sakamakon da ya tsufa. A 2019 kotun ta ce wajibcin bai wuce iyakar Tarayyar ba. A wajenta, Google yana karɓar buƙatar cire lambar waya, adireshin gida da lambobin shaida. Cirewa daga bincike ba ta goge abu daga shafin asali, kuma in an goge a asali amma yana fitowa, akwai fom na sanar da Google cewa sakamakon ya tsufa.

Abin da ya ƙi gogewa, sai a binne shi. Ka buɗe shafin sana'a da cikakken sunanka, yadda yake a takardar neman aikinka harafi da harafi, ka riƙa sa aikinka na yanzu a kai ko sau biyu a wata. Ka ba shi wata uku zuwa shida, sannan ka sake binciken nan na farko ka kwatanta da takardar da ka rubuta.